Igiyar da ke rarrafe a kan ƙarfe: amsar da ta jira tambayarta shekara 100

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan'uwa da ke cewa data ba ta isarsu su saurari murya. Na ɗan gyara wasu wurare don karatu ya yi sauƙi, amma yawanci yadda na faɗa haka na bar shi.

Tun da muka taɓo maganar 6G a shirin baya, tambaya ɗaya ke ta dawowa a akwatin saƙona: wai mene ne wannan terahaz ɗin da ake cewa can aka dosa? Wani ma cewa ya yi, "Malam, 5G ɗin ma ba mu gani ba a unguwarmu, ka zo kana mana tatsuniya." Ya yi gaskiya, kuma zan dawo kansa. Amma yau tarihi na kawo muku, tarihin wata dabara da aka gano, aka ce kuskure ce, aka manta da ita, aka sake gano ta da wani suna, har sau wajen uku.

Bari mu fara da zango. Duk wanda ya taso a gidan da ake kunna rediyo da asuba ya san "mita 16, mita 19, gajeren zango". Wannan mitar tsawon igiya ɗaya ce. Rediyo, wayar hannu, Wi-Fi, hasken rana, hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti, duk dangi ɗaya ne: igiyoyin lantarki da maganaɗisu. Abin da ya raba su shi ne sau nawa igiyar ke kaɗawa a daƙiƙa guda. Tashar FM tana kaɗawa wajen sau miliyan 100. 5G ɗin da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, wanda MTN da Mafab suka saya kowanne a kan dala miliyan 273.6, yana kan gigahaz 3.5, wato sau biliyan uku da rabi. Hasken da idonka ke gani kuwa ya haura sau tiriliyan 400. To, a tsakanin igiyoyin waya da na haske akwai wani fili, daga terahaz 0.1 zuwa terahaz 10. Terahaz ɗaya shi ne kaɗawa sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, kuma tsawon igiyarsa bai cika kashi ɗaya cikin uku na milimita ba.

Wannan filin ya daɗe kamar dajin da ke tsakanin garuruwa biyu, kowa na ganinsa, ba mai iya nomawa. Masu harkar lantarki suna tahowa daga ƙasa, kafin su iso na'urorinsu sun gaji, ba sa iya kunnawa da kashewa da irin wannan saurin. Masu leza suna gangarowa daga sama, su kuma ɗumin ɗaki kawai ya isa ya dagula musu aiki. Lezar terahaz mai ƙarami jiki ta farko da aka yi a Pisa ta Italiya a 2002, sai an sanyaya ta fiye da digiri 200 ƙasa da sifili take aiki.

Ba wai ba a taɓa leƙa dajin ba. A shekarun 1890, a Kalkata ta Indiya, ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, Jagadish Chandra Bose yana aiki da igiyoyi masu tsawon milimita 5, wato gigahaz 60, dab da bakin dajin. Kayan aikinsa sun haɗa da murɗaɗɗen zaren rama irin na buhu, da wani katon littafin jadawalin jiragen ƙasa da yake tace igiyar ta cikin shafukansa. Ina son labarin mutumin nan, wallahi, wata rana za mu yi shiri a kansa shi kaɗai. A Balin kuma Heinrich Rubens ya shigo ta ɗaya gefen, ta ɓangaren zafi. Ranar Lahadi 7 ga Oktoban 1900 ya kai wa Max Planck ziyara gida, ya faɗa masa abin da ya auna, a daren Planck ya fitar da lissafin da ya zama tushen kimiyyar kwantom. Sai wata mata a Mosko, Alexandra Glagoleva-Arkadyeva, wadda ta zuba garin ƙarfe a cikin mai, ta riƙa buga masa tartsatsin wuta, a 1924 ta ba da rahoton igiyoyi har masu tsawon maikuromita 82. Ta shiga tsakiyar dajin ke nan.

Amma samar da igiya abu ɗaya ne, kai ta inda kake so wani abu ne daban. Ka haƙa rijiya, da me za ka kai ruwan gida? Wayar tagulla da ke ɗaukar siginar talabijin tana cinye terahaz kafin ta yi nisa. Zaren gilashin da ke ɗaukar intanet a ƙarƙashin teku, shi ma shanye ta yake yi. Iska ma ba ta bar ta ba, don tururin ruwan da ke cikinta yana tsotse ta. Shi ya sa masu binciken taurari da ke sauraron irin waɗannan igiyoyi suka kai faranti 66 na ALMA saman wani tsauni mai tsawon mita 5,000 a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, inda iska ta bushe ƙamas.

Ku riƙe wannan matsalar. Yanzu mu koma baya mu ɗauko ɗaya zaren labarin.

A 1899 wani masanin lissafi Bajamushe, Arnold Sommerfeld, ya nuna a kan takarda cewa igiya za ta iya bin wayar ƙarfe guda ɗaya tilo, ba ta cikinta ba, ta bayanta, tana lulluɓe da ita kamar yadda kurangar inabi ke bin sanda. Bayan shekara biyu, ranar 12 ga Disambar 1901, Marconi ya ce ya ji siginar da aka aiko daga Poldhu a Ingila yana zaune a St John's, can tsallaken Tekun Atlantika, nisan sama da kilomita 3,000. Masana suka shiga ruɗu. Igiya miƙe take tafiya kamar haske, duniya kuma a lanƙwashe take, to ta yaya ta zagaya? A 1907 Jonathan Zenneck ya kawo tasa amsar: akwai wata irin igiya da ke manne wa fuskar ƙasa ko ta teku, tana rarrafe a kan iyakar da ke tsakanin iska da ruwa. Sommerfeld ya mara masa baya da dogon lissafi a 1909.

Lissafin ya yi kyau, sai dai ba shi ne amsar ba. A Disambar 1924 Edward Appleton ya yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth ya nuna cewa can sama akwai wani rufin iska mai ɗauke da caji wanda ke maido da igiyar rediyo ƙasa. Wannan rufin ne ya sa kakanninmu suka riƙa jin Landan a ƙauye tun da aka buɗe Sashen Hausa a 1957, kuma shi ya sa tashoshin nesa suka fi fitowa da daddare. A tsakiyar shekarun 1930 wani injiniyan Bell, Charles Burrows, ya je tafkin Seneca a jihar New York ya auna, bai ga igiyar Zenneck ba. Aka shafe shekaru ana gardama ko Sommerfeld ya yi kuskuren alama a lissafinsa. Igiyar mai rarrafe ta zama abin da ake ba ɗalibai misali da shi idan ana so a ce lissafi ma yana ɓatar da mutum.

Abin da masu rediyo ba su lura ba shi ne, a wani ɗakin gwaji daban, wani ya riga ya ga 'yar'uwarta da idonsa bai gane ta ba. A 1902, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Robert Wood yana haska wani farantin ƙarfe da aka tsaga masa siraran layuka dubbai. Ya kamata hasken ya watsu kala-kala kamar bakan gizo. Ya watsu ɗin, amma da wasu baƙaƙen layuka a ciki, kamar an sace wani yanki na hasken. Wood ya rubuta abin da ya gani, ya amsa cewa bai san dalili ba. Lord Rayleigh ya gwada bayani a 1907, ya kama rabi. Sai a 1941 Ugo Fano, wanda ya gudo Amurka daga dokokin wariyar launin fata na Mussolini, ya haɗa abin da igiyar Sommerfeld da Zenneck: hasken da ya ɓace bai je ko'ina ba, kwanciya ya yi a fuskar ƙarfen ya bi ta.

Me ke faruwa a fuskar ƙarfen? A cikin zinari ko azurfa ko tagulla akwai ilektiron masu yawo, ba a ɗaure suke da gida ɗaya ba. Ku ɗauke su kamar cincirindon mutane a filin ƙwallo. Idan igiya ta iso, sai su karkata tare, su dawo tare. Karkatar tasu tana haifar da igiya, igiyar tana sake tura su, sai abin biyu su riƙe hannun juna su yi ta tafiya a kan iyakar ƙarfe da iska. A 1957 Rufus Ritchie, a cibiyar Oak Ridge ta Amurka, ya yi hasashen wannan rawar ta saman ƙarfe, alhali shi abin da yake bincike shi ne yadda ilektiron ke rasa ƙarfi idan ya ratsa siririn fallen ƙarfe. Powell da Swan suka tabbatar a Ostireliya a 1959. A 1960 aka raɗa mata suna, filasmon na saman ƙarfe.

Kada ku ce abin ya yi muku nisa. Kun san 'yar robar gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a kemis? A yawancinsu, layin nan ja-ja da ke fitowa tarin ƙananan ƙwayoyin zinari ne, kuma jan nasu daga wannan rawar ta ilektiron yake. Haka wani kofin gilashi na Romawa na ƙarni na 4 da ke gidan tarihi na Birtaniya, kofin Lycurgus: ka haska shi ta gaba kore ne, ka haska ta baya ya koma ja. Maƙeransa sun yi aiki da filasmon shekara 1,600 kafin a san sunansa.

Yauwa. Ga zare biyu a hannunmu. A gefe ɗaya terahaz, wadda ba ta da bututu. A ɗaya gefen igiyar da ke manne wa ƙarfe ta bi shi duk inda ya je. Kowa zai ce a haɗa su mana, shi ke nan. Nan ne gizo ke saƙa.

A zangon haske, kaɗawar ta yi wa ilektiron sauri, ba sa iya binta daidai, suna ɗan makara. Wannan makarar ce ke ba igiya damar kutsa kai kaɗan cikin ƙarfen, ta samu wurin kamawa. A terahaz kuwa kaɗawar ta ragu sau ɗaruruwa, ilektiron suna da isasshen lokaci, duk motsin da igiya ta yi sun riga sun tare ta. Ƙarfen ya zama madubi mai santsi. Igiyar ba ta samun wurin saka farce, sai ta riƙa shawagi santimita da yawa a saman ƙarfen, ita da tsawonta bai kai milimita ba. Ka ɗan lanƙwasa hanyar, ta wuce abinta. Wato ƙarfen ya cika kyau ne har ya ɓata aiki. Kusan irin ciwon da ya kashe igiyar Zenneck ke nan.

A 2004 amsoshi biyu suka fito, wata uku-huɗu tsakaninsu.

Ta farko daga John Pendry na Imperial College a Landan, tare da 'yan Sifaniya biyu, Luis Martín-Moreno da Francisco García-Vidal, a mujallar Science. Su biyun sun daɗe suna fama da wani abin mamaki da Thomas Ebbesen ya gani tun 1989 a kamfanin NEC a Japan: fallen ƙarfe mai jerin ƙananan huji yana barin haske ya wuce fiye da yadda girman hujin ya halatta. Ebbesen bai buga sakamakon ba sai 1998, kusan shekara tara yana neman bayani. Abin da su Pendry suka ce shi ne: idan ƙarfe ya ƙi barin igiya ta shiga jikinsa, to a haƙa mata wurin shiga. A jera ramuka ko tsagi a fuskarsa, ƙanana fiye da tsawon igiyar, kusa-kusa da juna. Igiyar ba ta iya ganin ramukan ɗaya-ɗaya, sai ta ɗauka ƙarfen ne ya yi laushi, ta ɗan nutsa, ta manne.

Duk wanda ya taɓa noma ya gane wannan. Ruwan sama ya sauka a kan daɓe, ya bazu ya tafi. Ya sauka a gonar da aka yi wa kunya, ya bi kwarin kunyar inda manomi ya tsara masa. Kuma daɗin abin, zurfin kwarin da tazararsa su ke yanke irin igiyar da za ta kama, wadda za ta yi sauri, wadda za ta tsaya cik. A da sai abin da zinari ya ga dama. Yanzu mai zane ne ke yanke hukunci. Suka kira abin filasmon na bogi, don kwaikwayo ne. A 2005 masu bincike a Jami'ar Exeter suka tabbatar da shi da igiyoyin maikurowef, a 2008 kuma wata tawaga da ta haɗa da Jami'ar Bath ta nuna shi a terahaz kanta.

Amsa ta biyu ta fi ba ni dariya. A Jami'ar Rice da ke Houston, Kanglin Wang da Daniel Mittleman suka ɗauki sandar bakin ƙarfe tsirara, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, suka ɗora mata terahaz. Ta bi ta lafiya lau, asara kaɗan, ba ta wargaje ba. Suka buga a mujallar Nature a Nuwamban 2004. Jama'a, igiyar Sommerfeld ce ta 1899. Shekara 105.

Ga inda nake so mu ɗan tsaya. Ko dabarar kunyar ma ba sabuwa ba ce fil. Injiniyoyin rada na shekarun 1940 da 1950 sun san farantin ƙarfe mai tsagi-tsagi yana riƙe igiya, Walter Rotman ya yi rubutu a kai a 1951. A 1950 Georg Goubau, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Zenneck a Munich kafin sojojin Amurka su kwaso shi bayan yaƙi, ya nuna cewa idan ka shafa wa waya ɗaya tilo rufi, ko ka yi mata tsagi, igiya za ta ƙara manne mata. An gwada layin nasa wajen kai siginar talabijin, bai yi kasuwa sosai ba, don ruwan sama da ƙanƙara da kwana suna dama masa lissafi. Ilimin yana nan a mujallun injiniyoyi, masu fiziks ba sa karantawa. Na masu fiziks yana nasu mujallun, injiniyoyi ba sa leƙawa. Ba na rage wa su Pendry komai, don su ne suka nuna cewa duk abu ɗaya ne, suka ba shi lissafin da kowa zai ɗauka ya yi zane da shi. Amma rabin abin da ake kira ganowa a wannan labarin, haɗa mutanen da ba sa gaisawa ne.

Ni fiziks na karanta. Ranar da na kare aikina na shekarar ƙarshe, ɗaya daga cikin malaman da ke zaune ya duba takardata ya ce, "To yanzu wa zai ci abinci da wannan?" Aka yi dariya, ni ma na yi, don ba ni da amsa. Na daɗe ina jin haushin tambayar. Yanzu na rage, saboda a ƙasar da asibiti ke tiyata da fitilar waya, tambaya ce mai haƙƙi. Kuma ba zan yaudare ku in ce duk binciken da ba a ga amfaninsa yau ba zai zama zinari gobe. Yawanci mutuwa yake yi a kan kanta, mu waɗanda suka rayu kawai muke ba da labarinsu. Abin da na sani shi ne da an yi wa Wood wannan tambayar a 1902, shi ma shiru zai yi, kuma jami'arsa ba ta kore shi ba, ya ci gaba da aiki a can har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan 2004 abubuwa sun yi sauri. A 2011 tawagar Feng Wang a Berkeley ta yanka girafin, wato fallen gawayi mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, zuwa siraran ɗamara, ta nuna filasmon na gaske a terahaz wanda ake iya sauya zangonsa da wutar lantarki, kamar murɗa rediyo. A 2013 tawagar Tie Jun Cui a Nanjing ta ƙasar Sin, tare da García-Vidal ɗin nan dai, ta buga dabarar a kan leda mai laushi: siririn layin tagulla mai haƙora kamar mataji, ka naɗe shi, ka murɗa shi, igiyar na biye. Daga nan aka yi ta ƙera matatai masu zaɓar zango, da mararraba masu raba igiya gida biyu, da na'urorin da ke gane sinadari daga ɗan ɗigo, tunda igiyar da aka matse a fuskar ƙarfe tana jin duk abin da ya taɓa wurin.

Sai mu koma kan ɗan'uwan da ya ce tatsuniya nake yi. Gaskiyar magana, shekara 20 bayan takardar su Pendry, yawancin waɗannan na'urori suna ɗakin gwaji, ba sa cikin wayar kowa, har ta mutumin Tokyo. Matsalar ita ce ciniki ne: iya matse igiyar da ka yi a jikin ƙarfe, iya yawan ƙarfinta da ke narkewa ya zama zafi. Terahaz ɗin kanta ta samu aiki a wasu wurare. Bayan kumbon Columbia ya tarwatse ranar 1 ga Fabrairun 2003 saboda ɓallewar soson da ke rufe tankin mai, NASA ta koma duba irin wannan soson da ita, don tana ratsa roba da takarda da tufafi, kuma ba ta da ƙarfin fasa ƙwayoyin jiki irin na hoton ƙashi. Ku riƙe wannan na ƙarshen, don na tabbata ranar da aka ce 6G ta iso, saƙonnin murya irin na 2020 za su dawo WhatsApp.

Ta fuskar sadarwa kuwa, a 2017 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko ta aika saƙo tsakanin gigahaz 252 da 325, a 2019 kuma taron rabon zango na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar ya ware wasu yankuna tsakanin gigahaz 275 da 450. Amma saboda tururin ruwa da bango, kada ku sa ran dogon ƙarfen sabis guda zai rufe unguwa da terahaz. Inda aka fi sa mata rai gajerun tazara ne: tsakanin na'ura da na'ura a ɗakin ajiyar bayanai, tsakanin eriya da eriya a saman gini, ko ma tsakanin ɓangarori biyu na allon kwamfuta ɗaya, tazarar da ba ta wuce faɗin yatsa ba. A wannan 'yar tazarar ce ake gwada matajin tagullar nan.

Nan za mu tsaya yau. Wanda ya karanta injiniyan lantarki a cikinku, ya faɗa mana a ƙasa ko an taɓa ambata masa sunan Goubau a aji, don ni dai a namu ban ji ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.